BATIRIN TASHI UWAR KUƊI NE, BA A CEFANE DA SHI

Ina roƙon Malam Edita ya ba ni ɗan fili a wannan takarda tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wani abu da muke rainawa alhali yana cin dukiyarmu a ɓoye. Yau ba maganar haraji zan yi ba, ba kuma ta shingayen hanya ba, waɗannan an sha faɗa. Maganar batirin mota ce, da yadda muke tatsar sa in mun yada zango a daji, har gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Ba ji na yi ba, a kaina ya faru. Da kakar 2021 na fita daga Paraku da a-kori-kurata mai shan gas, ni da direba da yara uku. Muka bi hanyar Jugu, muka haye gadar kogin Weme a Beteru, kafin mu kai Partago muka saki kwalta muka nausa daji wajen rugage. Kwana biyu muna ciniki, Allah Ya ba mu bijimai 14. Na riga na yi magana da mai babbar mota a kan ya jira ni a bakin titi da sassafe, mu loda mu riski kasuwa a Paraku. Shirin shi ne in riga shanun fita da motata, in tsayar da shi, in ga ma'aikacin dabbobi saboda takarda, su kuma makiyaya su koro su a hankali.

A daren ƙarshe yara suka ji motsi a bayan mashekari, suka kunna manyan fitilun mota suka haske shanun. Ban hana ba, don ni ma hankalina bai kwanta ba. Ga wayoyi takwas a jone, namu da na Fulanin da suka karɓe mu, ga rediyo yana ta yi. Bayan sallar asuba direba ya murɗa makulli, sai muka ji ƙyat-ƙyat, shi ke nan. Muka ce a tura. Ina! Yashi ne har idon sawu, mu biyar ba mu iya gusar da ita ba. Wurin kuma babu sabis. Sai da yaro ya taka da ƙafa ya nemo mai babur, aka ɗauki batirin aka kai gari, ba su dawo ba sai bayan la'asar. Mai babbar mota ya gaji da jira ya ɗauki wani lodi, kuma ban ga laifinsa ba. Kasuwa ta wuce ni. Na riƙe shanun nan kwanaki ina sayen harawa da dusa, ina biyan masu tsaro, suna ramewa a kan idona. Abin da na yi asara ya isa ya sayi sabon batir fiye da guda uku.

To, jama'a, ra'ayina a taƙaice shi ne: batirin da ke tada mota uwar kuɗi ne, wutar zango kuwa kuɗin cefane ce. Duk cikinmu babu wanda bai san ƙarshen ɗan kasuwan da ke cefane da uwar kuɗi ba. Zango ya sami nasa batirin daban, a kuma sa shamaki tsakanin su biyun.

Wani zai ce, Alhaji, da can yaya aka yi? Ai iyayenmu sun yi fatauci ba batir ba mota. Gaskiya ne. Fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ta Nikki da Jugu suke bi, da jakuna, wutarsu itace ce. Mu ma da muka taso, aci-balbal da tocila mai ƙwai sun ishe mu. Amma yau waya ta zama rabin sana'a. Da ita ake jin farashin Gogunu da Kolokonde da Ilesha Baruba kafin a taya, da ita ake tura hoton sa ga mai saye a Kwatano ko Ibadan, da ita ake biya ta MTN ko Moov. Wanda ya yi ciniki ta Cikanda a farkon 2023, lokacin da aka canja takardun naira tsabar kuɗi ta ɓace, ya san cewa wanda wayarsa ta mutu a ranar, shi ma kasuwarsa ta mutu.

Sannan kwanan daji ya ƙaru a kanmu. A watan Disamba na 2019 gwamnatin Benin ta hana garkunan ƙasashen maƙwabta shigowa kiwon rani. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Waɗannan abubuwa biyu sun dagula hanyoyin da muka saba, suka sa da yawanmu bin dabba har inda take maimakon jiran ta a kara. Ga kuma rashin tsaron da ya ɓullo a arewacin Alibori da Atakora tun ƙarshen 2021. A irin wannan zamani, motar da ba za ta tashi da tsakar dare ba, ba dukiya kaɗai take sa wa cikin haɗari ba. A ce maciji ya sari yaro da ƙarfe biyun dare, ko sa ya soki makiyayi, me za ka gaya wa iyayensa? Ka ce caji ne ya cinye wutar?

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, kamar yadda na koya wurin masu wayarin bayan na ji a jikina. Batirin mota an yi shi ne don aiki guda: ya ba da wuta mai yawa ƙwarai cikin 'yan daƙiƙu. Kik ɗin injin gas yana jan amfiya ɗaruruwa a lokacin tashi. Saboda haka aka yi farantan darmar da ke cikinsa sirara kuma da yawa. Da injin ya kama, sai altaneta ta mayar masa da ɗan abin da ya bayar, ya koma a cike. Haka yake son zama, kullum a cike. In aka riƙa tsotsar sa a hankali dare guda har ya yi ƙasa, wani farin gishiri yakan kama farantan, in ya daɗe a haka gishirin ya daskare, caji ba ya narkar da shi. Shi ya sa batirin da aka kashe sau uku ko huɗu ba ya komawa yadda yake, ko da an kai shi caji ya kwana. Sai mu ce mai shago ya sayar mana da jabu, alhali mu muka kashe abinmu. Ga zafin ƙasarmu na Maris da Afrilu, wanda shi ma yana rage wa batir kwana.

Yanzu mu yi lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. A jikin batir za ka ga an rubuta lamba, misali 70Ah. Mu ɗauka mudu 70 ne na wuta a cikin buhu. Manyan fitilun gaba irin na da, kowace wat 55 ce. Biyun suna cin kamar mudu 9 a awa ɗaya, in ka haɗa da ƙananan fitilu da na baya ya kai 11. Awa huɗu ke nan ka zubar da mudu 44. Babbar waya mai shafawa tana cin wajen mudu 2 kafin ta cika, takwas sun ci 16. Rediyon mota yana cin mudu 1 zuwa 2 a awa. Ka tara da kanka ka ga abin da ya rage a buhuna a daren nan. Kuma ka tuna batirin da ya shekara biyu yana aiki ba ya riƙe 70 ɗin nan cif, sannan in ya sauka ƙasa da rabi, injin gas da sanyin asuba na hunturu da ƙyar zai juya.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na ji su a rumfar dillalai.

Na farko zai ce, ai sai a bar injin yana aiki. To, injin a-kori-kura da ke tsaye yana shan abin da ya kusa lita guda a awa, kuma cajin da yake bayarwa a tsaye bai kai na tafiya ba. Tun da aka cire tallafin mai a Nijeriya a watan Mayun 2023, wanda ya sa har man kwalba na bakin titi ya yi tsalle a nan Benin, wa ke da man ƙonawa a banza? Ban da haka, ƙarar inji tana hana ka jin motsin da ya kamata ka ji, tana kuma sanar da na nesa inda kake.

Na biyu zai ce, in ta ƙi tashi a tura. Turi yana yi a kan tudu da ƙasa mai ƙarfi. A yashi ko a laka ta damina fa? Mota mai giya otomatik ba ta tashi da turi sam. Sababbin injinan gas kuwa kwamfuta ce ke ba su mai, in wuta ta yi ƙasa sosai ko kun tura har Natitingu ba za su kama ba.

Na uku zai ce, ni ƙaramin janareto nake ɗauka. Ba laifi ga mai hali, amma shi ma mai yake sha, yana da ƙara, kuma hayaƙinsa yana kisa. A cikin hayaƙin akwai wata iska marar wari marar launi, in aka kunna shi a ƙarƙashin tamfol ko kusa da inda ake barci don gudun ruwa ko ɓarawo, mutum sai ya wuce daga barci. Wannan ba sabon labari ba ne a garuruwanmu.

Na huɗu shi ne ya fi ba ni tsoro, don yana ganin ya yi dabara. Ya sayi batir na biyu ya haɗa shi da na farko da waya kai tsaye, ja da ja, baƙi da baƙi. Alhaji, wannan ba batir biyu ba ne, buhu ɗaya ne ka ƙara masa girma. Duk abin da aka ci, a jikin su biyun ake ci, kuma tare za su mutu. In ɗaya tsoho ne ma, shi zai riƙa shanye sabon.

Haka nan 'yan'uwanmu masu manyan motoci da tireloli. Wutarsu bolt 24 ce, wato batir biyu ne masu 12 aka jera. Sai ka ga yaron mota ya maƙala waya a kan guda ɗaya don cajin waya da fitila. Wannan ɗayan zai riƙa ramewa, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa, kafin a ankara an yi asarar duka biyun. Akwai ɗan akwatin da ke sauke wuta daga 24 zuwa 12, shi ya kamata a sa.

To mene ne mafita? Abu huɗu ne, kuma duk ana samun su a shagunan kayan sola da na kayan mota a Paraku da Jugu.

Na ɗaya, batirin zango. A nemi irin na sola, mai kaurin faranti, wanda aka yi shi don a riƙa shan sa a hankali ana mayarwa. Mai mudu 100 ya isa yawancinmu, da sharaɗin kada a sha fiye da rabinsa, wato 50. Akwai kuma na zamani mai suna litiyom, ba shi da nauyi, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa, yana kuma daɗewa, sai dai tsada, kuma yana son na'urar caji tasa ta musamman.

Na biyu, shamaki tsakanin batirin tashi da na zango. Mafi sauƙi shi ne makunnin hannu mai jan makulli: in ana tafiya a haɗa, altaneta ta cika su duka, in an tsaya a raba. Aibinsa mantuwa, kuma ɗan Adam ajizi ne. Wanda ya fi shi shi ne mai yi da kansa, masu wayarin na nan suna ce masa separater, na Nijeriya kuma aisoleta. Shi wuta yake aunawa. In inji ya tashi wuta ta haura wajen bolt 13.3 sai ya haɗa, in an kashe ta sauko wajen 12.8 sai ya raba. Ko yara sun shanye batirin zango tas, na tashi yana nan ba a taɓa shi ba. Masu sababbin motoci da kwamfuta ke sarrafa cajinsu, da masu litiyom, su kuma caja ce ta musamman ake sa musu a tsakani, a tambayi wanda ya san aikin.

Na uku, farantin sola. Mai wat 100 yana tara kamar mudu 25 zuwa 30 a yini mai rana. Dole a bi da shi ta kwantirola, kada a jona shi kai tsaye, don zai dafa batir. Da hunturu a riƙa goge masa ƙura kowace safiya, a kuma ajiye shi a rana ko da motar tana inuwa.

Na huɗu, a rage ci. A bar haska shanu da fitilun mota. Ƙwan LED mai bolt 12 da wat 5 ba ya cin rabin mudu a awa. Guda uku a rataye a kan sanduna, su kwana awa 10 suna ci, mudu 13 ke nan. Ƙara wayoyi goma, mudu 20. Tocila da ƙaramin rediyo, a ce 5. Jimla 38, ba a kai 50 ba. Kun ga dare guda ya wuce lafiya, rana da tafiya su mayar. Wanda zai yi kwanaki bai motsa mota ba, ya nemi faranti mai wat 150 ko ya haɗa biyu. A kuma guji inbata in ba dole ba, don ko ba a jona mata komai ba tana shan wuta. Caja mai shiga ramin sigari ta fi ta tattali, amma a ja ramin daga batirin zango. Masu ɗaukar ƙaramin firij saboda allurar rigakafin ciwon huhu da makamantanta, wadda ake so ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, su sani shi kaɗai yana iya cin mudu 30 zuwa 40 a yini da zafi. Su sai su ninka batir da faranti.

Sai gargaɗi, don kada garin neman gira a rasa ido. Wayar da za ta haɗa batir biyu ta zama mai kauri, kamar mai lamba 16, ba irin ta fitilar ɗaki ba. A sa fis a kusa da jan kan kowane batir, duka ɓangarorin biyu. In babu fis, ranar da ƙarfen mota ya goge wayar, gobara ce, kuma mu harawa da jarkokin mai muke ɗauka. A ɗaure batirin zango tam, kada ya riƙa tsalle a gargada. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, saboda haka kada a rufe shi ruf a akwati, kada a sha taba a kansa. In ruwansa ya ragu, ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba.

Ina kuma ba kowane direba shawara ya mallaki 'yar mitar awon wuta, kuɗinta bai kai na buhun dusa ba. A auna batirin tashi da safe kafin a kunna. In ya nuna 12.6 ko sama, a cike yake. In 12.2 ne, rabi ya tafi. In ya sauka 12.0, kada ka shiga daji da shi. In inji yana aiki kuma, a ga tsakanin 13.8 da 14.4, in bai kai ba a tsohuwar mota, altaneta ce ke neman gyara. Yadda ba ka sayen sa sai ka duba haƙoransa, haka kada ka bar kwalta sai ka duba wannan.

Saura maganar kuɗi, don na san nan gizo ke saƙa. Gaskiya ne kayan nan ba kyauta ba ne, kuma ƙaramin ɗan kasuwa mai sayen dabba uku ko huɗu zai ji nauyinsu. Wanda bai da hali yanzu, ya fara da fitilun sola masu cajin kansu da ɗan bankin cajin waya, ya kuma kafa doka cewa in an kashe inji an zare makulli, babu mai taɓa wutar mota. Wannan ba ya cin ko dala. Amma mai mota da ke loda shanun miliyoyin sefa, ya ce kuɗin batir na biyu ya yi masa yawa, wannan ba tattali ba ne. Ya auna da kasuwa guda da za ta wuce shi.

Daga ƙarshe ina kira ga shugabanninmu, Allah Ya ƙara muku lafiya, da abubuwa huɗu. Ƙungiya ta sayi 'yan saiti na batir da faranti a akwatin da ake ɗauka, a ajiye a ofisoshinmu na Paraku da Jugu, mai shiga daji ya ara ya biya ɗan abin kulawa. A zaɓi masu wayarin amintattu a garuruwan biyu, a daidaita da su a kan aiki mai kyau da farashi guda, don kada kowa ya faɗa hannun ɗan koyo. A kafa rumfar caji mai sola a kara, domin baƙi su daina jona wayoyi a motocin mutane. Sannan a rubuta a ƙa'idarmu wanda zai ɗauki asara in batir ya mutu a zango. Sau da yawa direba ake ɗora wa laifi har a yanke masa albashi, alhali maigida ne ya ce a kunna fitila. Ni kaina a ranar nan na yi wa direbana faɗan da bai cancanta ba, daga baya na nemi ya yafe mini.

'Yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da na raba batirin nan biyu, na yi kwanan daji ba adadi tsakanin Beteru da Kolokonde, Fulani suna kawo wayoyinsu ina karɓa da fara'a, kuma ban sake murɗa makulli da asuba gabana yana faɗuwa ba. Wanda yake da wata dabara da ta fi wannan, don Allah ya rubuto mu ƙaru. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.

Daga ɗan'uwanku, mai sana'ar shanu, Zangon Paraku.